Babi na Uku: Inda Matafiyi Ya Fuskanta

Kaso mai tsoka na labaran Littafi Mai Tsarki a kan hanya yake faruwa, domin tun daga sura ta 12 ta Littafin Farawa har zuwa ƙarshen Ayyukan Manzanni, inda Manzo Bulus ya isa Roma yana ɗaurarre, sau da yawa mutumin da Allah ya nufa da wani babban aiki sai an fara raba shi da gida. Wannan ne ya sa masu wa'azi suka saba ɗaukar tafiya a matsayin hoton rayuwar mai bi, suna kasa ta kashi uku: kira, da wahalar hanya, da isa wurin hutawa. Kashin yana da amfani wajen koyarwa, amma idan aka jera tafiye-tafiyen kusa da juna aka dube su a tsanake, za a tarar cewa waɗansu daga cikin mutanen da Nassi ya fi yabon bangaskiyarsu sun mutu ba su riƙe abin da aka yi musu alkawari a hannu ba, kuma da yawansu sun yi ƙorafi mai ɗaci a kan hanya, irin wanda a baki bai bambanta sosai da na waɗanda aka hukunta ba. Abin da ya raba su shi ne inda kowannensu ya fuskanta sa'ad da hanya ta yi zafi, kuma tafiyar Ibrahim, da ta jama'ar Isra'ila a jeji, da ta Rut mutuniyar Mowab sun isa su nuna hakan.

Garin da zuriyar Tera, mahaifin Ibrahim, ta baro shi ne Ur na Kaldiyawa, wanda akasarin masana suke ɗauka shi ne kangon da ke kudancin Iraƙi ta yau, kusa da birnin Nasiriyya, inda masanin tono kayan tarihi ɗan Ingila, Leonard Woolley, ya yi aiki daga 1922 zuwa 1934. Abin da aka tono a wurin ya nuna birni mai gidajen tubali, da rubuce-rubucen ciniki a kan allunan yumɓu, da wata katafariyar hasumiya mai hawa-hawa da aka gina domin bautar gunkin wata. Haran kuwa, inda iyalin suka yada zango bayan tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 ta bin Kogin Yufiretis, tana kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, ita ma cibiyar bautar wannan gunki ce, kuma Littafin Joshuwa sura ta 24 ya faɗa a sarari cewa Tera ya bauta wa waɗansu alloli. Saboda haka mutumin da aka kira yana da shekara 75 ya bar ƙasarsa da danginsa da gidan mahaifinsa ya fito ne daga cikin wayewa da kwanciyar hankali, ya koma zaman alfarwa har ƙarshen ransa, kuma a lokacin da aka kira shi ba a ambata masa ko sunan ƙasar da za shi ba, an dai ce za a nuna masa ita.

Yana da muhimmanci a lura da yadda marubucin Farawa ya ƙi ɓoye raunin wannan mutum. Da isarsa Kan'ana ya gina bagade, wato wurin miƙa hadaya, a Shekem, ya sake gina wani tsakanin Betel da Ai, amma ba a jima ba yunwa ta tura shi Masar, inda tsoro ya sa ya gabatar da Saratu matarsa a matsayin 'yar'uwarsa, abin da ya jefa ta cikin gidan Fir'auna. A sura ta 15 ya buɗe baki ya tambayi Ubangiji amfanin kowace irin kyauta a wurin mutumin da bai haihu ba, wanda Eliyezer na Dimashƙu, baran gidansa, ne zai gāje shi. Yana da shekara 86 aka haifa masa Isma'ilu ta wurin Hajaratu, bisa shawarar Saratu da ta gaji da jira, kuma sa'ad da aka sake jaddada masa alkawarin yana da shekara 99, ya faɗi rubda ciki ya yi dariya. Sai da ya cika shekara 100 aka haifi Ishaku, wato shekara 25 bayan fitowarsa daga Haran. A cikin surar nan ta 15, wadda take ɗauke da ƙorafinsa, aka rubuta cewa ya gaskata Ubangiji aka kuwa lasafta masa wannan a matsayin adalci, ayar da Bulus ya gina koyarwarsa a kanta a wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Galatiyawa. Ƙorafin da bangaskiyar a waje ɗaya suka zauna, domin wanda ya yi alkawarin shi ne aka kai wa ƙarar.

Zaman Ibrahim a Kan'ana zaman makiyayi ne a ƙasar da take da masu ita, irin wanda duk mai sanin rayuwar Fulani a daji zai gane, inda rijiya guda takan zama abin jayayya da yarjejeniya, kamar yadda ta kasance tsakaninsa da Abimelek a Biyer-sheba har ya ba da 'yan raguna mata bakwai shaida cewa shi ya haƙa ta. Da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasar gaba ɗaya ba shi da inda zai binne matarsa, sai da ya tsaya gaban Hittiyawa a ƙofar gari ya bayyana kansa a matsayin baƙo, ya sayi gona da kogon Makfela daga hannun Efron a kan shekel 400 na azurfa. Wannan makabarta ce kaɗai filin da Littafin Farawa ya nuna ya saya a ƙasar kafin rasuwarsa yana da shekara 175. Duk da haka, a surar da ta biyo bayan sayen kogon, sa'ad da ya aiki babban baransa ya nemo wa Ishaku mata daga cikin dangi, sau biyu ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya mayar da yaron can inda suka fito, ko da yarinyar ta ƙi biyo shi. Marubucin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya kama wannan zance a sura ta 11, inda ya nuna cewa da zuciyar kakannin nan tana kan ƙasar da suka baro, da sun sami zarafin komawa, amma suka mutu suna hangen alkawuran daga nesa.

Tafiyar jama'ar Isra'ila daga Masar ta fara da abubuwan da Ibrahim bai samu ba. An faɗa musu sunan ƙasar da yalwarta, an ba su Musa ya zama shugabansu, sun ga annobai goma da idanunsu, sun haye teku a kan busasshiyar ƙasa, al'amudin girgije yana gabansu da rana, na wuta kuma da dare. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ce daga Horeb, wato Dutsen Sinai, zuwa Kadesh-barneya da ke bakin iyakar Kan'ana ta kudu tafiyar kwana 11 ce, amma shekara 40 suka yi a jeji, 38 daga cikinsu bayan sun riga sun iso wannan iyaka. Ƙidayar farko ta mazajen da suka isa yaƙi, daga shekara 20 zuwa sama, ta ba da 603,550, ta biyu kuma a filayen Mowab ta ba da 601,730, kuma Littafin Ƙidaya ya ce a cikin waɗanda aka lasafta da farko ba wanda ya rage sai Joshuwa ɗan Nun da Kalibu ɗan Yefunne.

Ba daidai ba ne mai karatu ya raina wahalar mutanen nan, ko ya mai da su abin misali na wauta kamar yadda akan ji a waɗansu wa'azozi. Kwana uku suka yi a jejin Shur babu ruwa, da yara da tsofaffi da dabbobi, sa'ad da kuma suka sami ruwa a Mara sai ya zama mai ɗaci, kuma wanda ya san ƙishirwar hamada ba zai zargi uwar da ta ɗaga murya a irin wannan hali ba. Abin lura ma shi ne, a ƙorafe-ƙorafen farko, kafin a ƙulla alkawari a Sinai, Ubangiji bai hukunta su ba: ya daɗaɗa ruwan, ya kai su Elim mai maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70, ya kuma fara ba su manna, wato wani farin abinci mai kama da ƙananan tsaba da yake sauka tare da raɓa. Ƙa'idar mannar ita kanta makaranta ce, domin kowa mudu guda zai ɗiba na yini, wanda ya ɓoye saura sai ya wayi gari ya tarar da tsutsa da wari, in ban da rana ta shida da ake ɗibar na kwana biyu saboda Asabar. Mutanen da suka tashi cikin bauta, waɗanda suka saba cewa abinci daga hannun mai bulala yake fitowa, ana koya musu su kwanta da dare babu ajiya, su dogara ga wanda ya ce gobe ma zai bayar.

Sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya ita ce wurin da bambancin da wannan babi yake magana a kai ya fito fili, domin ƙorafi biyu ne a cikinta, ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka zauna a ƙofofin alfarwansu suna kuka, suna tuna kifin da suka ci a Masar a kyauta, da kankana da albasa da tafarnuwa, suna cewa ransu ya gundura da manna. A cikin wannan tunani babu tubalin da aka tilasta musu yi ba tare da an ba su ciyawa ba, babu kuma jariransu maza da aka umarta a jefa cikin Kogin Nilu. Yunwar marmari ta wanke bautar tas, ta bar ƙanshin miya kawai. Musa ma ya yi nasa ƙorafin a surar, wanda a lafazi ya fi na jama'a kaifi, gama ya tambayi Ubangiji ko shi ya ɗauki cikin mutanen nan har da za a ce ya goya su, ya kuma roƙa a kashe shi nan take idan haka za a ci gaba. Amsar da ya samu ita ce dattawa 70 da aka ba su daga cikin Ruhun da yake kansa domin su taya shi ɗaukar nauyin, jama'a kuwa suka sami makwaren da suka nema tare da annoba. Musa ya zazzage zuciyarsa a gaban wanda ya aiko shi, su kuwa sun ba wannan Allah baya suna kallon gidan bauta. Abin ya kai ƙarshensa a Kadesh, bayan 'yan leƙen asiri 12 sun yi kwana 40 a ƙasar, goma daga cikinsu suka kawo rahoton ƙattai da birane masu garu, jama'a kuma suka ce wa juna su naɗa wani shugaba su koma Masar.

Ko a nan ma, wanda ya auna bangaskiya da shiga ƙasar zai rikice, domin Musa kansa bai shiga ba. Saboda abin da ya faru a Meriba, inda aka ce ya yi wa dutse magana ya kuwa buge shi sau biyu cikin fushi, iyakarsa ya hau Dutsen Nebo ya hangi ƙasar, ya rasu a can yana da shekara 120, amma Nassi ya shaide shi da cewa ba a sake yin annabi kamarsa a Isra'ila ba. Kalibu, wanda yake da shekara 40 sa'ad da ya leƙo ƙasar ya kuma tsaya a kan cewa za a iya cinta, ya sha yawon jejin nan duka tare da mutanen da laifinsu ya jawo shi, har sai da ya kai 85 ya karɓi rabonsa, kuma yankin da ya roƙa shi ne Hebron, inda kogon Makfela yake.

Tafiya ta uku ita ce mafi gajarta, kuma ita ce mafi ban mamaki idan aka duba abin da matafiyiyar ta riƙe a hannu lokacin da ta tashi. A zamanin mahukunta yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon, daga Baitalami zuwa Mowab, a tsaunukan gabashin Tekun Gishiri cikin ƙasar Jodan ta yau, inda a cikin shekara kamar goma mazan uku duka suka mutu, aka bar gwauraye uku babu ɗa, wato Na'omi da matan 'ya'yanta, Rut da Orfa. Rut ba ta ji murya daga sama kamar Ibrahim ba, ba ta ga teku ya rabu ba, babu kuma wanda ya yi mata alkawarin kome. Surukarta ma ƙoƙarin sallamar ta ta yi, tana bayyana mata da Orfa cewa ba ta da sauran 'ya'yan da za su aure su, su koma gidajen iyayensu su nemi sabon aure. Orfa ta bi wannan shawara, kuma littafin bai zarge ta ko da kalma guda ba, domin abin da ta yi shi ne abin da hankali da al'ada suka yarda da shi. Rut kuwa ta rantse da sunan Ubangiji cewa mutanen Na'omi da Allahn Na'omi sun zama nata, kuma inda tsohuwar ta mutu nan za a binne ta, alhali Maimaitawar Shari'a sura ta 23 ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma. Hanyar da suka bi tana gangarawa zuwa kwarin da ke fiye da mita 400 ƙasa da doron teku, sa'an nan ta haura zuwa Baitalami da ke fiye da mita 700 a bisansa, mata biyu ba namiji ba dukiya.

Na'omi ita ce mai ƙorafin wannan tafiya, kuma ba ta sassauta harshe ba, gama a gaban matan garin ta ce Maɗaukaki ya sa rayuwarta ta yi ɗaci, ta fita a cike an dawo da ita hannu wofi. Ta faɗi wannan kuwa tana tsaye a Baitalami, bayan ƙafafunta sun kawo ta wurin jama'ar Allahn da take ƙara, kuma babu inda littafin ya tsauta mata. Taimakon da ya zo musu ma bai zo da wata al'ajibi ba. Sun iso a farkon girbin sha'ir, Rut ta fita kala, wato tsintar abin da masu girbi suka bari, haƙƙin da Littafin Firistoci sura ta 19 ya tanadar wa matalauci da baƙo, ta kuwa faɗa gonar Bo'aza, dangin Elimelek, wanda ya kiyaye wannan doka har ya ƙara da cewa a riƙa zare mata zangarku daga dammuna. A ranar farko ta koma gida da kusan garwa guda ta sha'ir. Da Bo'aza yake yaba mata, ya ambaci yadda ta bar mahaifinta da mahaifiyarta da ƙasar haihuwarta ta zo wurin mutanen da ba ta sani ba, kalmomin da kowane Ba'isra'ile zai ji amon kiran Ibrahim a cikinsu. Daga baya ya tsaya a ƙofar gari gaban dattawa goma ya ɗauki matsayin mai fansa, wato ɗan'uwa na kusa da yake sayo gādon mamaci ya kuma raya sunansa, aka haifi Obida, mahaifin Yesse, mahaifin Dawuda, har Bisharar Matiyu ta sa sunan Rut cikin asalin Yesu Almasihu. Wadda ba a yi wa alkawarin kome ba ita ce ta zauna ta ga gida da ɗa, kuma hanyar da Allah ya bi ya kai mata su ita ce manomi mai tsoron Allah da dokar da ta tuna da baƙo, abin da ya ɗora wa ikkilisiya nauyi mai girma game da waɗanda suka iso ƙofarta ba su da kowa.

Akwai kuskure guda da ya wajaba a kauce masa wajen amfani da waɗannan labarai, musamman ga masu bi da aka raba da gidajensu da ƙarfi. A 2014, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka kama Gwoza a watan Agusta, suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi a watan Oktoba, dubban mutane, Kirista da Musulmi, suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja da sansanin Minawao a Kamaru, kuma tambayar ko a koma ko a zauna ta zama ta yau da kullum a gare su. Zalunci ne a gaya wa irin waɗannan mutane cewa begen gida daidai yake da marmarin Masar. Masar gidan bauta ce da aka fanshi jama'a daga cikinta, komawa can kuwa warware fansar ne, alhali tafiyar Na'omi komawa gida ce, haka ma ta Yakubu, wanda bayan shekara 20 a gidan Laban Ubangiji da kansa ya umarce shi ya koma ƙasar kakanninsa. Nassi bai mai da barin gida ko komawa gida doka ga kowa ba.

Labarin zaman talala a Babila ya tabbatar da haka ta fuska biyu. Bayan Nebukadnezzar ya kwashi rukuni na mutanen Urushalima a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, wani annabi mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a dawo da su, amma annabi Irmiya ya rubuta musu wasiƙa, wadda take a sura ta 29 ta littafinsa, yana cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su su kuma yi masa addu'a, domin zaman zai kai shekara 70. Da Sairus, sarkin Farisa, ya ba da izinin komawa a shekara ta 538, Littafin Ezra ya lasafta mutum 42,360 da suka tashi suka nufi Yahudiya domin sake gina Haikali, waɗansu da yawa kuma suka zauna inda suke, suka tallafa wa masu tafiya da azurfa da zinariya da dabbobi. Daga cikin zuriyar waɗanda suka zauna ne Esta da Mordekai suka fito, waɗanda suka tsare jama'arsu daga kisan ƙare dangi a Shushan, haka kuma Nehemiya, mai shayar da sarki Artashate, wanda kusan shekara 90 bayan izinin Sairus ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya yi kuka da azumi da addu'a, sa'an nan ya nemi izini da wasiƙu da katako daga wurin sarki, ya tafi ya gina garun cikin kwana 52.